Kwikwiyon da ya saba da hannu shi ake iya kai wa allura

 Sharhinmu na yau a kan rainon ɗan kwikwiyo ne. Na san wani zai ce duk abin da ke damun arewacin Kamaru, daga tsadar hatsi zuwa rashin tsaro, ba a ga abin ɗauka ba sai kare. To, a ba ni aron kunne, domin maganar ta shafi yaran da ke wasa a ƙofar gidajenmu. Duk wanda ya san lungunan Domayo da Dugoi a nan Maruwa, ko Yelwa a Garwa, ya san yadda kare ke shiga gida. Yara ne ke tsinto shi a ƙarƙashin matacciyar mota ko a gaɓar Mayo Kaliyao, ko maƙwabci ya ba su don ya rage wa kansa nauyi. Su sako shi a kwali, idonsa bai daɗe da buɗewa ba, yana kuka yana laluben nono. Maigida ya leƙa ya ce a kai shi bayan gida, in ya girma ya yi gadi. Daga ranar kuma ba wanda zai sake zama ya yi shawara a kansa. Abin da nake son in tsayar a yau shi ne, watanni ukun farko na wannan ɗan kwikwiyo su ke yanke ko zai zama karen da za a iya kamawa a kai shi allurar rigakafi, ko kuwa wanda ko mai shi ba ya iya taɓawa. Lafiyar yaran unguwa kuma ta rataya a kan wannan bambanci.

Mu fara da abin da ake gudu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma wajen kashi 40 cikin 100 na waɗanda abin ke rutsawa da su yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Kusan duk wanda ya kamu, daga kare ya samo. Ƙwayar cutar tana cikin yawun kare, ta shiga ta wurin cizo ko yaƙushi, ta bi jijiya a hankali tana hawa zuwa ƙwaƙwalwa. Tafiyar takan ɗauki wata 2 zuwa 3, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Kafin nan raunin ya warke, tabon ma ya dushe, uwa ta manta an taɓa cizon ɗanta. Ranar da zazzaɓi ya zo, yaro ya fara firgita, a miƙo masa ruwa maƙogwaronsa ya shaƙe ya ture kofin, sai a ce iska ce ko sammu, a nufi wajen mai magani. Da zarar waɗannan alamu sun bayyana, kusan ba wanda ke tashi, ko a Maruwa yake ko a Faris. Abin da ke ƙona rai shi ne rigakafin ya daɗe a duniya, tun ranar 6 ga Yulin 1885 da Louis Pasteur ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 allura bayan mahaukacin kare ya cije shi, yaron kuma ya rayu.

Masana sun daɗe da gano cewa hanya mafi sauƙi ta tsare mutane ita ce yi wa karnuka allura. In kashi 70 cikin 100 na karnukan gari suna da rigakafi, mahaukacin kare zai yi cizonsa, amma cutar ba ta samun isassun jikunan da za ta bi, sai ta katse. Ba sai mun je nesa neman shaida ba. Ƙetaren gadar Ngeli daga Kusiri, a birnin Njamena, hukumomin Cadi tare da wata cibiyar binciken lafiya ta ƙasar Suwizalan sun yi gangamin allurar karnuka kyauta a 2012, suka maimaita a 2013, kuma duk karo biyun sun haura kashi 70. Cutar ta ɗauke a karnukan birnin tsawon watanni, sai daga baya ta sake shigowa ta karnukan wajen gari. Abu biyu a wannan aiki sun shafe mu kai tsaye. Da aka ƙirga karnukan birnin, an tarar mafi yawansu, har masu yini a bola, suna da gidan da suke komawa. Wato karen da muke ce wa na titi yawanci kwikwiyon wani ne da aka yi sakaci da shi. Sannan ma'aikatan allurar zama suke yi wuri ɗaya a unguwa, masu karnuka su kawo. Ke nan nasarar duka ta dogara da mutum ya iya sa wa karensa igiya ya jawo shi, ya matse shi tsakanin ƙafafunsa har a soka allura. A wurare da dama a Afirka da aka tambayi mutane abin da ya hana su kawo nasu, amsar da ta yi ta dawowa ita ce sun kasa kama shi.

To me ke sa kare ya ƙi kamuwa ga wanda ke ciyar da shi? Masu binciken halin karnuka a Amurka sun nuna tun shekarun 1950 da 1960 cewa akwai ɗan lokaci, daga mako 3 da haihuwa zuwa wajen mako 12, da kwikwiyo ke koyon wane ne nasa, mene ne kuma abin tsoro. Abin da ya saba da shi a wannan tsakanin, da shi zai tsufa. Wanda ya kai mako 14 hannun mutum bai taɓa shi ba, yakan tashi yana gudun mutane, gyara shi kuma sai an sha wuya. Yanzu a dubi abin da muke yi a daidai waɗannan makonni. A ɗaure shi da waya ko tsohuwar sarƙar keke a jikin turke bayan makewayi, a riƙa cilla masa ƙanzo daga nesa, yara su zo da kara suna tsokanarsa don su ji ya yi gurnani, in ya kwance ya shigo tsakar gida a bi shi da muciya ko takalmi. Duk abin da ya sani game da hannun mutum duka ne da jifa. Gyaran kuwa ba ya cin ko dala. A samu mutum ɗaya a gidan, babba ko saurayi mai hankali, a ce karen nasa ne. Kullum ya tsuguna ya kira shi da suna, ya ba shi loma a tafin hannu, ya shafa wuyansa, ya ɗaga kunnuwansa ya duba kaska, ya riƙe ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya, ya ɗage leɓensa ya ga haƙora. Ya ɗaura masa tsumma mai laushi a wuya, in ya saba ya ƙara igiya, ya ja shi a hankali zuwa zaure su dawo. Ya bar shi ya ga awaki da kaji da babur da baƙi yana kusa da mai shi. 'Yan mintoci ne a rana, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kafin a kai nan ma akwai kuskuren da ake tafkawa tun ranar farko, wato raba shi da uwarsa da wuri. Kwikwiyo yana buɗe ido ne wajen kwana 10 zuwa 14, ya fara lasar abinci a mako na 3 ko na 4, amma bai kamata ya bar uwarsa ba sai ya cika mako 8. Nonon farko da ya sha shi ke ba shi kariya daga cututtuka kafin allura. A wasan kokawa da 'yan'uwansa kuma yake koyon sassauta cizo: in ya gatsa da ƙarfi ɗan'uwan ya yi ƙara ya bar wasan, uwar ma ta kwaɓe shi. Wanda aka ɗauke yana ɗan mako 3 bai samu wannan tarbiyya ba, sai a ɗura masa nonon saniya ya kama zawo. In ya zo gida a lokacin da ya dace, a ba shi abinci kaɗan-kaɗan sau 3 ko 4 a rana, tuwo da aka jiƙa da romo, da ɗan dafaffen nama ko kifi ko ƙwai, domin tuwo zalla ba ya gina ƙashi da tsoka. Maruwa garin albasa ne, miyarmu ba ta rabo da ita, albasa kuwa tana lalata jinin kare, don haka a ware masa nasa kafin a zuba miya. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya soki hanji. Maganin ciwon kai na mutane yana iya kashe shi. Ga zafin Maris zuwa Mayu da ke haura digiri 40, kare kuma ba ya gumi kamar mu, da haki yake sanyaya jikinsa, don haka inuwa da kaskon ruwa mai tsabta dole ne. Yawancin 'yan kwikwiyo da tsutsar ciki ake haifarsu, tun a mahaifa ko ta nono suke ɗauka, shi ya sa za ka ga ciki ya kumbura haƙarƙari a waje. Ƙwan tsutsar yana fita a kashi ya zauna a yashin da yaro mai rarrafe ke wasa. Likitan dabbobi zai ba da maganin tsutsa daidai nauyinsa, ya fara masa allurar cututtukan 'yan kwikwiyo, irin zawon jini da amai, daga mako 6 zuwa 8, ta haukan kare kuma in ya cika wata 3. A karɓi katin allura a adana shi tare da takardun gida, domin ana sabunta ta.

Masu saurarenmu na bakin Logon suna da ƙarin dalili. An ba Kamaru shaidar rabuwa da kurkunu a 2007, amma a 'yan shekarun nan cutar ta ɓulla a jikin ɗaruruwan karnuka a yankin Gere, a Mayo Danai, daura da Cadi. A Cadin kanta an samu karnuka kusan 2,000 da ita a 2019. Masu yaƙi da cutar suna danganta abin da ɗanyen kayan cikin kifi da ake watsar wa karnuka a bakin ruwa. Karen da tsutsar ta fito masa a ƙafa ya shiga tafki ya gurɓata ruwan da mutane ke sha. Matakan da ake ɗauka su ne binne kayan cikin kifi da ɗaure karnuka a gida lokacin da cutar ke tashe. Nan ma karen da ya saba da igiya tun yana ƙarami, yake kuma samun abincinsa a gida, shi ke ɗauruwa.

Ƙorafin da za a fara yi mini na san shi. Za a ce karen da aka shagwaɓa ba ya gadi, sai an bar shi da yunwa, an ɓoye shi daga idon mutane, sannan yake yin zafi. A dubi mafarauta da makiyaya, waɗanda suka fi kowa sanin kare a ƙasar nan. Karen mafarauci a hannu yake ci, da fito ɗaya yake juyowa, kuma shi ne ke tunkarar gadu. Karen ruga yana kwana cikin shanu, yaran ruga suna taɓa shi, kuma baƙo bai isa ya doshi garke da dare bai tashi kowa ba. Aikin mai gadi shi ne ya bambance na gida da baƙo ya yi haushi, wannan kuwa sai karen da ya san mutanen gidansa. Wanda aka raina da duka da kaɗaici tsoro ne ke sa shi cizo, kuma wanda yake samu ya ciza shi ne almajirin da ya zo bara, da mai tallan nono, da ɗan maƙwabci da ya shigo ɗaukar ƙwallo. Ɓarawo kuwa da guntun nama yake zuwa, karen da ke kwana da yunwa shi ya fi saurin sayuwa.

Sai maganar addini, wadda ba a tsallake ta a garin malamai irin Maruwa. Mutane da yawa suna ganin taɓa kare kansa laifi ne, shi ya sa ko sun ajiye shi sai su yi nesa da shi. Yawancinmu a wannan yanki mazhabar Imamu Malik muke bi, kuma sanannen matsayinta shi ne kare mai rai tsarkakakke ne, jikinsa da yawunsa, wanke ƙwaryar da ya sa baki sau 7 kuma bin umarni ne na ibada. Malaman Shafi'iyya sun tafi a kan najasa ne, wanda ya bi su sai ya yi wanki yadda suka koyar. Hadisi ya yi izinin riƙe kare don farauta da kiwo da tsaron gona. Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo, horo kuwa ba ya yiwuwa daga nesa. An ruwaito cewa Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai Risalar da ake karantawa a zaurukanmu, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi, da aka tuna masa cewa Malik ya karhanta haka, ya nuna cewa da Malik ya riski zamaninsu da zaki ma zai ajiye. Bukhari da Muslim sun kawo labarin wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da ta shiga wuta don ta tsare kyanwa ba ci ba sha. Ba wanda ya ce a kwana ɗaki ɗaya da kare. Wanda ba shi da buƙatarsa ya hana yara shigowa da shi tun daga zaure, wannan ma kulawa ce. Wanda ya karɓa kuwa, cinsa da shansa da lafiyarsa, da cutar da zai yi wa maƙwabta, duk suna wuyansa.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne na talauci, kuma ba zan raina shi ba. Magidancin da ke lissafin kwanon masara da kuɗin makaranta, in ka ce ya biya wa kare allura, yana da hujjar ya ƙi. A Njamena ɗin dai an gwada: allura kyauta a 2002 ta samu fiye da kashi 60 na karnukan unguwannin da aka yi ta, da aka sa kuɗi a 2006 ko kashi 25 ba a kai ba. Don haka allurar haukan kare nauyin hukuma ce kamar rigakafin ƙyanda, tunda amfaninta na kowa ne, har wanda bai taɓa ajiye kare ba. Kuɗin yi wa kare allura bai kama ƙafar abin da iyali ke kashewa ba in an ciji yaro, ga allurai da yawa a ranaku daban-daban, ga kuɗin mota daga ƙauye. Yankinmu kuma bai rasa masu sani ba. Akwai ɗakin gwaje-gwajen dabbobi na ƙasa, LANAVET, a Bokle kusa da Garwa tun 1983, akwai reshen Cibiyar Pasteur a Garwa, akwai makarantar horar da ma'aikatan dabbobi a nan Maruwa da ta likitocin dabbobi a jami'ar Ngaundare, ga ofisoshin ma'aikatar kiwo, MINEPIA, har a gundumomi. Abin da ake buƙata shi ne gangamin da ba ya yankewa, a sanar da shi da Fulatanci da Hausa ta bakin lawan da jauro da limamai, kwanaki kafin ranar. Bikin 28 ga Satumba na ranar yaƙi da cutar ba zai wadatar shi kaɗai ba, domin karya tana ɗaukar ciki kwana 63 kacal, karnukanmu kuma ba su cika daɗewa a duniya ba, kowace shekara gari cike yake da sababbi marasa rigakafi. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a lokacin gangami a haɗa har da 'yan kwikwiyo, kada a mayar da yaron da ya zo da nasa a kwali. Rabon magidanci a wannan aiki shi ne ya kawo karen da ke kamuwa.

Wasu za su ce a taƙaice wahala, a zuba guba a kashe karnukan titi. An sha yin haka a ƙasashe da dama, cutar ba ta tafi ba. Karen da ke fara cin naman guba shi ne wanda ba ya tsoron mutane, sau da yawa ma wanda aka riga aka yi wa allura. Mai shi kuma cikin mako guda zai samo sabon kwikwiyo marar rigakafi daga wani ƙauye. An rage masu kariya ke nan an ƙara marasa ita, ga mushen da ungulu za ta ci ta mutu. Ƙasar Meziko, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2019 cewa ta kawar da haukan kare da ke kama mutane ta cizon kare, da allura kyauta shekara bayan shekara ta kai ga haka. Ƙasashen duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da ake son a daina mutuwa da wannan ciwo, ta wannan hanyar kuma za a bi.

Saura abu ɗaya da ya kamata kowace uwa da kowane malamin makaranta su sani. Ɗan kwikwiyo ma yana ɗaukar haukan kare, musamman wanda aka tsinto ba a san uwarsa ba, kuma cizonsa ake rainawa saboda ƙanƙantar haƙoransa. Yara kuma suna ɓoye cizo don gudun duka, tunda an hana su wasa da kare. A gaya musu tun yau cewa wanda kare ya ciza ko ya yaƙusa ya zo ya faɗa, ba mai dukansa. In abin ya faru, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har tsawon minti 15, kada a shafa toka ko barkono ko gashin karen, a tafi asibiti a ranar. Karen kuma kada a yi saurin kashe shi a jefar. A tsare shi inda ba zai kai ga kowa ba, a ba shi ci da sha, a sanar da ma'aikacin dabbobi ya sa masa ido aƙalla kwana 10. In likita ya ce a fara wa yaron allura, a fara a ranar, ba tare da jiran ganin yadda karen zai ƙare ba, a kuma cika adadin da ya rubuta ko da raunin ya warke.